Ciwon Da Malam Arzika Ya Hana A Rubuta

Akwai wani dattijo a Kekun Waje, ƙasar Bunguɗu, ana ce masa Malam Arzika. Da damina manomi ne, da rani kuma yana da rumfar hatsi a kasuwar Bunguɗu. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, mudunsa a cike yake. Aibinsa ɗaya, in ma za a kira shi aibi: ya gwammace ya kwana da yunwa da a ji sirrin gidansa a waje.

Babban sirrin gidan kuwa shi ne 'yarsa Saude tana da sikila.

Tun tana shekara shida aka gano. Amma daga ranar har ta girma, ba a taɓa furta wannan kalma a gidan Malam Arzika ba. In ciwon ya tashi tana kuka tana riƙe ƙafafu, sai a ce wa maƙwabta sanyin ƙashi ne. In mahaifiyarta, Inna Amina, za ta kai ta asibiti Gusau ganin likita, sai a ce sun tafi Damba gaida 'yan uwa.

Kada ku yi saurin zarginsa, akwai dalili. Ƙanwarsa da ke aure a Tsafe tana da 'ya mai irin wannan ciwo. An sa wa yarinyar rana, an kawo lefe, sai wata mai dogon baki ta kai wa dangin ango labari. Ko mako ba a yi ba suka aiko a kwaso musu akwatunansu. Malam Arzika da kansa ya taya ɗora akwatunan a mota, yana jin kukan yarinyar daga ɗaki. A ranar ya rantse bakin mutane ba zai taɓa yi wa tasa 'yar haka ba.

Saude kuwa Allah ya ba ta kai. Duk da kwanciyar asibiti da fashin makaranta, ta gama jami'a a Gusau da sakamako mai kyau a fannin nazarin ƙasar noma. Wani malaminta ya matsa mata ta nemi tallafin karatun digiri na biyu a wata ƙasa da ke gabashin Turai, inda ƙanƙara ke sauka wata da watanni. Ta nema, aka ɗauke ta. Kuɗin makaranta, ɗakin kwana, kuɗin abinci, har da inshorar lafiya, duk a cikin tallafin.

Ranar da saƙon ya zo, Malam Arzika ya rufe rumfa tun kafin la'asar. Mutumin da ba ya son a san abin da ke gidansa, ranar sai ga shi yana tare mutane a hanya yana ba su labari.

Abin da ya rage shi ne cike takardun ƙarshe. Suka shiga Gusau, shagon wani matashi mai suna Bawa da ke cike wa ɗalibai fom a kwamfuta. Bawa bai taɓa wuce Zariya ba a rayuwarsa, amma in ya fara ba ka labarin Turai sai ka rantse can aka yanke masa cibiya.

Ana cikin cikewa aka zo shafin lafiya. Bawa ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa: "Kina da wani ciwo mai daɗewa, kamar asma, ciwon suga ko sikila? Eh ko A'a?"

Saude ta dubi mahaifinta. Shi kuma ya kafe allon kwamfutar da ido kamar ya iya karantawa.

"To, yaro," in ji Malam Arzika, "in mutum ya ce yana da shi hwa, mi za su yi mishi?"

Bawa ya yi dariya. "Baba, ai wannan tarko na. Turawa ba su son ɗawainiya. Kana danna Eh, sunanka ya hita, su ba wani. Ni duk wanda na cika ma fom, A'a nike danna mishi, ko da sanda ya shigo shagon ga."

Bawa bai taɓa ganin wanda aka kora saboda ya danna Eh ba. Ta ina zai gani, shi da bai taɓa bari kowa ya danna ba? Amma da irin muryar da ya faɗa, babu wanda zai yi masa gardama.

"To ɗiyata lahiyarta lau," in ji Malam Arzika. "Danna A'a."

Da suka fito, Saude ta yi ƙasa da murya. "Baba, a ƙasan takardar an rubuta cewa duk wanda ya ba da bayanin da ba gaskiya ba, suna iya janye tallafin."

"In sun sani ke nan. Wa zai hwaɗa musu? Saude, shekara nawa muna ɓoyon abin ga a garin da kowa ya san kowa, balle can da ba wanda ya san ki? Ki yi min alkawali, ko can kin tahi, kalmag ga ba ta hita bakinki. Kin jiya?"

Ta ce ta ji. Yarinyar da ta taso tana ganin yadda uban nan ke sayar da buhun masara don ya sayo mata magani, ba za ta iya kallon idonsa ta ce a'a ba.

Ana kuma buƙatar takardar shaidar lafiya daga likita. Malam Arzika ya ƙi a je asibitin da ake duba ta tun tana ƙarama. Ya kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba a san ta ba. Aka auna jininta na cututtukan da fom ɗin ya lissafa, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya tambaye ta ko tana da wani ciwo, ta ce babu. Ya buga hatimi.

Saura kwana huɗu ta tafi, Saude ta saci jiki ta je yi wa Sista Gloria sallama. Sista Gloria ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu sikila, 'yar kudancin Kaduna da ta shekara fiye da ashirin a Gusau. Ita ta fara sa wa Saude ruwa a hannu tun tana 'yar shekara shida, ta san jijiyoyinta fiye da yadda ta san na 'ya'yan cikinta.

Ta rungume ta, ta yi murna har da hawaye. Sannan ta sake ta, ta dube ta da kyau.

"Wa ya cike miki takardar lafiya? Ban ga ta biyo ta nan ba."

Saude ta sunkuyar da kai.

"Saude. Ba ki rubuta ba ko?"

"Baba ya ce za su hana ni."

Sista Gloria ta ja kujera ta zauna. "'Yata, can ba Gusau ba ne. Nan ko birgima kika shigo kina yi, ba sai kin buɗe baki ba, mun san abin da za mu yi. Can likita zai iya yin shekara ashirin yana aiki bai ga mai sikila ko ɗaya ba. In ba ki faɗa ba, ba zai kawo shi a ransa ba. Ga sanyi, kin san yadda kuke da sanyi. Bari in sa likita ya rubuta miki wasiƙa, tarihin ciwonki da magungunanki, ki sa a cikin fasfo."

"In Baba ya gani fa? In kuma su suka gani a filin jirgi?"

Babu irin lallashin da Sista Gloria ba ta yi ba, Saude ta ƙi karɓar wasiƙa. Daga ƙarshe matar ta haƙura. Ta ce ta riƙa shan ruwa sosai a jirgi, ta riƙa tashi tana takawa, ta sayi rigar sanyi ta gaske da zarar ta sauka ko da kuɗin abincinta ne. Ta kuma gargaɗe ta da ta bar kowane magani a cikin kwalinsa.

Ko wannan na ƙarshen bai samu ba. Ranar haɗa kaya gida ya cika da mata 'yan sallama, kowa na son ganin abin da za a kai Turai. Inna Amina ta tsorata kada wata mai karatu ta ɗauki kwalin magani ta karanta. Sai ta shige ɗaki ta ɓare magungunan wata shida daga kwalayensu, ta ƙulla su a leda, ta tura tsakanin ƙullin kuka da na yaji. A ganinta ta yi dabara.

A filin jirgin Abuja, jami'in da ke binciken kaya ya ɗago ledar.

"Wannan fa?"

"Maganin ƙarin jini ne."

"Ina kwalinsa? Ina takardar likita?"

Babu. Mutumin bai yi mata tsawa ba. Ya ce mata ta gode wa Allah a nan aka gani, don in a can ne aka kama ta da ƙwayoyi marasa suna a ƙulle a leda, sai ta yi bayani a ofishin 'yan sanda. Ya ajiye ledar a gefe, ya ce ta wuce. Haka Saude ta hau jirgi ba ta da ko ƙwaya ɗaya, kuma ba ta faɗa wa kowa a gida ba.

Watan farko lafiya lau. Ta ga gari mai tsabta, ta ga ɗakin gwaje-gwajen da ba ta taɓa ganin irinsa ba, tana turo hotuna Malam Arzika yana nuna wa abokan kasuwa. Aka haɗa ta ɗaki da wata 'yar Gana mai suna Ayishetu, 'yar zangon Kumasi, wadda ke jin Hausa. Nan da nan suka saba, suna dafa tuwon garin masara a ƙaramar tukunya suna yi wa juna dariyar Hausa.

Saude ta je kantin magani neman irin nata, aka ce sai da takardar likita. Likitan kuma na makaranta ne, wanda kwamfutarsa ke nuna cewa lafiyarta ƙalau. Sau biyu tana zuwa har ƙofar ofishinsa tana juyowa. In ta faɗa, ta karya alkawarin mahaifinta, ta kuma tona cewa ta yi ƙarya a fom. In ba ta faɗa ba, babu magani. Ta zaɓi ta yi ta shan ruwan ɗumi tana addu'a.

Wata rana Ayishetu ta tsura mata ido ta ce, "Saude, idonki ya yi ɗorawa. Yayana haka nasa yake yi, shi sikila ne da shi. Ke ma?"

"A'a, rashin barci ne."

Ayishetu ba ta sake tambaya ba, amma ba ta yarda ba.

Sanyi ya shigo da gaske a watan Disamba, daidai lokacin jarrabawa. Ɗakinsu yana can gefen gari, sai an tsaya jiran bas a fili. Ranar jarrabawar farko da safe bas ya makara. Minti ashirin suna tsaye cikin ƙanƙara. Saude ta fara jin abin da ta sani tun tana yarinya, ya fara daga baya, ya sauka ƙafafu. Ta cije leɓe. Amma wannan karon ya hau ƙirji, numfashi ya fara gagararta. Kafin bas ya iso ta durƙushe.

A asibiti likita ya duba bayananta a kwamfuta, ya tambaye ta ko tana da wani ciwo. Wallahi ko a wannan halin, tana haki, yarinyar nan ta girgiza kai. Suka ɗauka mura ce mai tsanani ta sauka a huhu, suka fara ba ta maganin haka. Zuwa azahar jikinta ya ƙara rikicewa, aka sa mata iskar numfashi, magana ta gagara.

A nan ne Ayishetu ta tare likitan a baranda ta ce, "Ban da tabbas, ita ta ce min a'a, amma don Allah ku gwada ta sikila."

Aka gwada. Likitan ya dawo fuskarsa ta canza. Ya ce dole a ƙara mata jini da gaggawa, amma mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini ba kowane jini jikinsa ke karɓa ba. Suna buƙatar sanin sau nawa aka ƙara mata, da ko jikinta ya taɓa ƙin wani. Wannan bayani yana cikin fayil ɗinta, fayil ɗin kuma yana Gusau.

Ayishetu ta ɗauki wayar Saude ta nemo lambar da aka ajiye da sunan Baba, ta kira.

Malam Arzika yana tsakiyar auna wa wata mata gero wayar ta shigo. Ya ɗauka da fara'a, sai ya ji muryar da ba ta 'yarsa ba.

"Baba, sunana Ayishetu, ɗakinmu ɗaya da Saude. Tana asibiti, an sa mata iska. Likitoci sun gano sikila ce."

Ya waiwaya hagu da dama ya ga ko wani ya ji. "Wa ya hwaɗa musu? Sanyin ƙashi dai..."

"Baba, ka yi haƙuri, ba lokacin wannan ba ne. Ba ta iya magana. Suna son takardunta na asibitin da ake duba ta, yau ɗin nan. In ba su samu ba, za su sa mata jini a makance."

Mudun ya faɗi daga hannunsa, gero ya watse a ƙasa. Bai rufe rumfa ba, bai sallami matar ba. Ya fita titi ya tare motar farko mai zuwa Gusau.

Shekara goma sha takwas ana kai 'yarsa sashen masu sikila na asibitin Gusau, shi bai taɓa taka ƙofarsa ba, don kada wani ya gan shi. Ya tarar da benci a cike da mutane. Mai ajiyar fayil yana bayan gilashi, ga hayaniya, ba a jin magana sai an ɗaga murya.

"Baba, me ake nema?"

Ya matsa bakinsa jikin gilashi. "Takardun ɗiyata."

"Ban ji ba. Wace ce? Nan fa sashen masu sikila ne, ka tabbata nan take zuwa?"

Malam Arzika ya juya ya dubi bencin. Duk idanu suna kansa. Ya ɗaga murya har ta fashe.

"Saude Arzika! Ɗiyata ta! Sikila gare ta tun tana shekara shidda! Tana can ƙasar mutane tana mutuwa, ku taimake ni!"

Sai wani ya taso daga benci ya kama hannunsa. Malam Yakubu ne, mai rumfar wake da ke jikin tasa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya shekara goma sha biyar. Katin asibiti ne a hannunsa, ga budurwar 'yarsa zaune a gefe. Shi ma duk wata yakan ce ya tafi Gusau sarin buhuna. Suka dubi juna.

Sista Gloria ta jiyo muryar daga ciki ta fito da sauri. Ba ta ce masa ai na faɗa ba, ba ta ɓata minti ɗaya wajen faɗa ba. Ta zaro fayil ɗin da kanta, ta shiga ta katse likita daga ganin marasa lafiya. Cikin rabin awa an rubuta bayani, an ɗauki hotonsa, an tura wa Ayishetu.

A cikin bayanin akwai layin da ya ceci ran Saude. Tana shekara goma sha biyar an taɓa ƙara mata jini jikinta ya ƙi shi, ta kusa tafiya, kuma an rubuta irin jinin da ba a sa mata. Likitocin can suka nemo wanda ya dace daga wani babban asibiti. Kwana uku tana tsakanin rai da mutuwa, a na huɗu ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Ta yi kwana goma sha biyu a kwance. Jarrabawa ta wuce ta gaba ɗaya.

Tana fitowa takardu biyu suka same ta. Ta farko daga kamfanin inshora: ba za su biya kuɗin asibiti ba, domin ciwo ne da take da shi tun kafin ta zo kuma ba ta bayyana ba. Malam Arzika ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ɗaliban Najeriya da ke garin suka yi karo-karo, asibitin ya yarda a biya sauran a hankali.

Takarda ta biyu ita ce mai tsinka zuciya. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya kira ta zama, kan bayanin ƙarya a fom. Abin da aka yi duk wannan ɓoyon don kada a rasa, ga shi yanzu ɓoyon ne zai sa a rasa shi.

Ta je a rame, Ayishetu na riƙe da hannunta har ƙofa. Mutum uku ne a teburi, shugabarsu wata dattijuwa mai farin gashi. Ta tura mata fom ɗin gabanta, ta nuna wurin da yatsa.

"Wa ya cike wannan?"

Saude tana iya cewa mai shagon kwamfuta ne ya yi kuskure, kuma da wuya a gane. Amma ta gaji da ɓoyo.

"A gabana aka cike, kuma na sa hannu. Na san ina da ciwon. An ce mana in na rubuta za ku ba wani gurbina. A garinmu in aka san mace tana da shi, har aure takan rasa. Mahaifina ya ji tsoro, ni ma na ji."

Dattijuwar ta cire tabarau ta ajiye.

"Wa ya ce muku don mu kori mutum muke wannan tambaya? Wanda ya amsa da Eh, ɗaki muke ba shi a ginin da ke kusa da asibiti, ba ya jiran bas a cikin sanyi. A makonsa na farko muke haɗa shi da likitan jini. Maganinsa yana cikin inshora. In ya kwanta lokacin jarrabawa, a ɗaga masa. Yanzu haka muna da ɗalibai uku masu irin ciwonki, ɗaya yana gab da gamawa."

Saude ta kasa riƙe kukan. Ba hukuncin da za a yanke ne ya sa ta kuka ba, tunanin shanun mahaifinta ne, da tsayuwar nan a ƙanƙara, da ƙofar likitan da ta juya daga gare ta sau biyu, duk a kan abin da babu shi.

Suka sa ta fita, suka tattauna, suka kira ta. Ba su janye tallafin ba, saboda ta faɗi gaskiya da bakinta, kuma malamanta sun yi mata shaidar ƙoƙari. Amma zangon karatun ya tafi, sai ta maimaita, an kuma sa mata takardar gargaɗi a fayil. A makon aka mayar da ita ginin kusa da asibiti.

Ranar zaman da la'asar ta kira gida. Malam Arzika yana zaune a ƙofar gida, tun safe bai ci komai ba.

"Sun kore ki?"

"A'a, Baba. Sun bar ni. Zan maimaita zango ɗaya."

Ya yi ta hamdala. Sannan ya ce, "To mi sunka ce game da ciwon? Hwaɗa min dut, kada ki rage."

Ta so ta rage. Ta san abin zai yi masa ciwo. Amma ya matsa, sai ta faɗa masa maganar dattijuwar kamar yadda take: ɗakin, likitan, maganin, da ɗalibai ukun da suka rubuta gaskiya suna karatunsu lafiya.

Da ta gama, ta duba ko wayar ta katse.

"Baba?"

"Ina jin ki. Ke nan da mun hwaɗi gaskiya, da ba ki tsaya cikin sanyin ga ba."

"Baba, ƙaddara ce. Ka yi haƙuri, na ja maka asarar shanu."

"Bar zancen shanu, Saude. Shekara goma sha takwas ina tsare ki daga bakin mutane, ban tsare ki daga ciwon ba. Bakin mutane bai taɓa kwantar da ke asibiti ba, ni na kwantar da ke. Ki yahe min."

"Baba, don Allah ka daina."

"Alkawalin da kinka yi min, na warware shi. Duk likitan da ya tambaye ki, hwaɗa mishi. Wanda bai tambaya ba ma, hwaɗa mishi. Ni dai ki dawo min da ranki."

Darasi: Ɗalibai masu shirin fita waje, da ku iyayensu, kada ku ɓoye ciwo a takardar lafiya. Likitan da bai san abin da ke jikinka ba, ba zai iya taimakonka ba, inshora kuma takan ƙi biyan abin da aka ɓoye mata. Ku tafi da wasiƙar likitanku, ku bar magani a kwalinsa, ku karanta sharuɗɗan tallafi da inshora da idonku, abin da ba ku gane ba ku tambayi makarantar kanta, ba mai shagon kwamfuta ba. Sikila, asma ko ciwon suga ba abin kunya ba ne, jarrabawa ce daga Allah, kuma ran ɗanka ya fi abin da mutane za su ce. In ka san gidan da ake haɗa wa wani akwati, tura musu wannan kafin ya hau jirgi.